Za a iya binciken bayanan sabar ba tare da an tona sirrin mutane ba?

Malam, ka tambaya ko za ka iya miƙa wa wani kamfani bayanan da sabarku, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinku na intanet, ke rubutawa kullum, ya gano muku masu kutse, alhali bai ga sirrin abokan hulɗarku ba. Ana iyawa, amma ka fara da hanya mai sauƙi.

Kafin fayil ya bar hannunka, ka mayar da kowane adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) da kowane sunan mai shiga zuwa lambar HMAC, wato lambar da ake samu idan an cakuɗa su da wani makulli na sirri, makullin kuma ya zauna wurinka kai kaɗai. Adireshi ɗaya kullum lamba ɗaya yake bayarwa. Mai bincike zai ga wani ya gwada kalmar sirri sau 300 da tsakar dare, amma bai san ko wane ne ba. Don Allah kada ka dogara da SHA-256, wata hanyar mayar da rubutu zuwa lamba, zalla babu makulli. Adireshin IP irin na IPv4 duka-duka wajen biliyan 4.3 ne, kwamfuta ɗaya za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tono na asali.

Akwai kuma yin lissafi a kan bayanai suna kulle. Tsarin kulle bayanai na Paillier na 1999 yana iya tara lambobi suna kulle, masanin kwamfuta Craig Gentry kuma ya nuna a 2009 cewa kowane irin lissafi zai yiwu, yanzu har da manhajoji irin Microsoft SEAL. Sai dai irin wannan lissafi yana yi wa kwamfuta nauyi da yawa. Ni dai ƙirga kawai zan ba shi, ba tankaɗe miliyoyin layuka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne adireshin shafin da mutum ya buɗe, wanda sabar ke rubutawa a fayil ɗin. Sau da yawa lambar waya ko imel na maƙale a wutsiyarsa. Ka buɗe layi 50 ka karanta da idonka kafin ka tura komai.