Likita, Baba na rawar ɗari duk ranar wankin ƙoda

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ana yi wa mahaifina wankin ƙoda ta robar da aka saka masa a wuya. Kwanan nan da an jona shi da na'ura sai ya hau karkarwa har haƙora na haɗuwa, zazzaɓi ya biyo baya. Muka ce sanyin Jos ne, muka ƙara bargo, muka ba shi maganin maleriya, shiru. Yanzu gwajin jini ya nuna wata ƙwaya wai ita Burkholderia cepacia, an ce sai an cire robar. Dole ne? Da ƙyar muka haɗa kuɗin saka ta.
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ku bari a cire ta. Na san kuɗin da zafi, amma ƙwayar kan manne a cikin robar, ta yi wa kanta rufi mai yauƙi wanda magani ba ya ratsawa sosai. Da na'ura ta fara tura jini, sai ta ɓallo ta bi jiki. Wannan ita ce karkarwar da kuke gani, ba hunturu ba.

Wadda muka fi gamuwa da ita a masu wankin ƙoda ita ce Staphylococcus aureus, mai zama a fata da hanci. Ta Baba ba kasafai ake ganinta ba. A ruwa da danshi take rayuwa, har a cikin wasu magungunan goge fata. Asalinta ma a ruɓaɓɓiyar albasa aka gano ta a Amurka, a 1950. Ban ce ku daina sa albasa a miya ba.

Ƙwayar nan taurin kai gare ta, magunguna da yawa ba sa kama ta. Sau da yawa Septrin kan yi aiki, amma kada ku kuskura ku saya a kemis. A mai ciwon ƙoda yana iya ɗaga sinadarin potassium har ya taɓa zuciya, sai likita ya auna.

Idan an saka sabuwar roba, kada ruwan wanka ya taɓa wurin, kuma ba mai buɗe bandejin a gida. Ku tambayi likitansa batun fistula, wato haɗa jijiyoyin jini na hannu don a riƙa yin wankin ta nan, domin ta fi roba tsira daga irin wannan cuta nesa ba kusa ba. Takan ɗauki makonni shida zuwa wasu watanni kafin ta yi ƙwarin da za a fara amfani da ita, don haka ku fara maganar tun yanzu.