Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙwan jiminar da ke bayan waya

TAMBAYA: Malam, ɗana da ke karatu a Ingila ya turo min hoton wasu fararen abubuwa, manya-manya kamar ƙwan jimina, a bayan shingen waya. Wai sunan wurin RAF Croughton, amma Amurkawa ne a ciki. Filin jirgin soja ne irin namu na Mando, ko me?
Wata uwa, Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA: Hajiya, da can filin jirgi ne, yanzu kuwa magana ce ke tashi da sauka a wurin.

A 1938 aka buɗe shi kusa da garin Brackley, ana gab da yaƙin Hitila. Filin ciyawa ne, jiragen da suka dawo daga kai hari da matsala sukan sauka a can. Daga 1942 sai ya koma makarantar koyon tuƙa jirgin da ba shi da inji, wanda wani jirgin ke ja da igiya ya sake shi a sama, ya lallaɓa da sojoji ya sauka shiru. Ni dai ko da kuɗi ba na shiga. Da yaƙi ya ƙare aka mai da wurin ma'ajiyar harsasai, har 1950 da aka miƙa wa sojan saman Amurka a farkon yaƙin cacar baka. Su kuma suka kakkafa eriya.

Ƙwan nan da kika gani riga ce kawai. A cikinsa akwai faranti irin na satalayit ɗin da ke kan rufinki, sai dai ya ninka shi nesa ba kusa ba. Na yi shekaru ina gyaran na'urar watsa shirye-shirye a garin nan, na san yadda iskar farkon damina ke karkatar da faranti, sai ka hau da sifana kana juyawa, wani a ƙasa yana ihun "ya kawo!" Rigar na kare shi daga iska da ƙanƙara, tana kuma hana na waje gane inda ya fuskanta. Ta nan saƙonnin sojan Amurka da ke Turai da dama ke bi.

Sunan RAF kuwa, wato rundunar sojan saman Birtaniya, ya zauna ne don ƙasar ta gwamnatin Birtaniya ce, Amurkawa baƙi ne masu riƙe da makulli.

Wurin ya shiga bakin duniya a watan Agusta 2019, da wata Ba'amurkiya, Anne Sacoolas, ta fito daga sansanin ta bi hannun dama maimakon hagu, ta yi karo da Harry Dunn, ɗan shekara 19, a kan babur, ya rasu. Ta koma gida da rigar kariyar diflomasiyya, sai a 2022 ta amsa laifi a kotun Landan ta bidiyo. Waɗanda suka ga canjin hannun tuƙi a nan Najeriya a 1972 sun san wannan ruɗewa.

Ki gaya wa yaron ya kula da hannu in zai tsallaka titi, hoton nan ɗaya kuma ya isa.