Amsa kan kalmar porter

Assalamu alaikum. Malama, da na ga tambayarki kan yadda za ki fassara kalmar porter a takardar ɗaukar ma'aikatan asibiti, sai na ji an fama mini tsohon miki, domin wannan kalma ta taɓa ba ni kunyar da har yau ban manta ba.

An ba ni fassarar wani darasi na kasuwanci, na tarar da ita a farkon jimla, sai na rubuta "ƙarfi biyar na ɗan dako" ban ko tsaya tunani ba. Ashe sunan mutum ne, Michael Porter, farfesa a jami'ar Harvard ta Amurka, wanda a 1979 ya bayyana abubuwa biyar da ke juya gasa tsakanin kamfanoni. Mai duba aikin bai ja ni gefe ba. A gaban abokan aiki ya karanta jimlar da ƙarfi, ya maimaita, sannan ya tambaye ni ko a kasuwar Singa na haɗu da wannan ɗan dako mai ƙarfi biyar. Watanni da dama, duk sanda na shigo ofis sai ya ce ga ɗan dako ya iso, alhali shi ne ya miƙo mini shafi ɗaya tak ba tare da sauran darasin ba. Har gobe ina ganin rabin laifin nasa ne.

Naki dai ba ɗan dako ba ne. A asibiti, shi ne mai tura marasa lafiya a keke ko a gado zuwa ɗakin tiyata ko ɗakin hoto, kuma haka za ki rubuta. Tushen ruɗanin shi ne kalmomi biyu na Latin ne suka haɗu a rubutu ɗaya: guda daga "ƙofa", guda daga "ɗauka". Ta farko ta ba da mai tsaron ƙofar kwalejojin Oxford da na ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'inmu, ta biyu kuma ta ba da mai dako irin 'yan kayaye na Accra, da baƙaƙen fata ma'aikatan taragon kwana na jiragen ƙasan Amurka, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1925. Har wata baƙar giya ta Landan sunanta ke nan.

Kada ki yarda a ba ki guntun shafi. In kuma takardar ta ambaci makullai ko ƙofa, ki turo mana jimlar mu duba tare.