A bar Power BI ya haɗa tebura da kansa, ko a ja alaƙar da hannu?

Yarona, ka ce: "Oga, tunda Power BI na gano alaƙar tebura da kansa da zarar an loda bayanai, me ya sa kake sa mu goge mu sake ja da hannu?"

Manhajar, wato Power BI na Microsoft da ake haɗa rahoto da shi daga teburan bayanai, na duba sunan ginshiƙi ne da irin abin da ke cikinsa, ba ta san ma'anarsa ba. Ɗauki shagon sari mai tebura huɗu: Ciniki, Kaya, Kwastomomi da Kalanda. A teburin Kaya akwai ginshiƙi mai suna ID, a na Kwastomomi ma akwai ID, kowanne ya fara daga 1. Manhajar na iya ɗaura su, sai kwastoma mai lamba 7 ya koma buhun shinkafa mai lamba 7. Da yake babu maimaici a kowane ɓangare, alaƙar za ta zama ɗaya da ɗaya, irin wadda tacewarta dole ta bi gaba da baya. Abin da ya fi muni, yanzu hanya biyu ce daga Kwastomomi zuwa Ciniki, kuma Power BI ba ya yarda da hanya biyu masu aiki a lokaci guda, don haka zai kashe ɗaya. Yana iya kashe ta gaskiyar. Ba jan rubutu, ba gargaɗi. Rahoto zai fito tsaf, alƙaluman ne kawai ba na shagon ba.

Don haka kafin ka loda komai, shiga File, Options and settings, Options, ka gangara Data Load na ƙarƙashin Current File, ka cire alamar da ke kan gano sababbin alaƙoƙi bayan lodi. Ta farko a jerin, mai ɗauko alaƙoƙi daga tushen bayanai a lodin farko, bar ta idan daga rumbun bayanai na SQL Server kake jawowa kuma wanda ya gina rumbun ya sa mabuɗansa daidai. Can mutum ne ya yi tunanin, manhaja kwafa kawai take. Fayilolin Excel da CSV kuwa ba su ɗauke da wannan bayani, cinke ne zalla.

A allon Model, ja LambarKaya daga Ciniki ka sauke kan ginshiƙin lambar kaya na teburin Kaya, wato ID ɗin nan, sannan ka danna zaren sau biyu ka karanta. Alamar tauraro ta kasance a ɓangaren Ciniki, 1 a ɓangaren Kaya, kibiya kuma hanya ɗaya, daga Kaya zuwa Ciniki. Idan ya kawo maka "da yawa da da yawa" da gargaɗi, kada ka danna OK don ka huta. Yana gaya maka ne akwai lambar da ta maimaitu a teburin Kaya. Koma Power Query, sashen da ake gyara bayanai kafin lodi, ka nemo ta. Lura fa, ƙididdigar ginshiƙi a can kan layuka 1000 na farko take yi sai ka sauya ta a ƙasan allo ta duba duka, shi ya sa yara da yawa ke rantsuwa babu maimaici alhali yana layi na 4000. Haka kuma Power Query na bambanta "sh12" da "SH12", amma bayan lodi abu ɗaya ne su.

Kwanan wata ya fi komai cin mutane. Idan ginshiƙin Ciniki na ɗauke da awa da minti, na Kalanda kuwa rana ce kawai, ba za su haɗu ba sai cinikin da ya faɗo ƙarfe 12 na dare daidai. Yanke lokacin tun a Power Query. Idan kuma Ciniki na da ranar oda da ranar kai kaya, alaƙa ɗaya ce za ta yi aiki da Kalanda, ɗayar ta zama zare mai ɗigo-ɗigo, sai ka kira ta da umarnin USERELATIONSHIP a cikin CALCULATE lokacin da kake rubuta lissafi. Wacce za ta zama mai aiki? Wannan tambaya ce ta akanta, mai riƙe da lissafin kuɗin shagon, ko da ranar oda yake rufe wata ko da ranar kai kaya. Babu manhajar da za ta amsa maka ita.

Gwaji na ƙarshe minti biyar ne. Sa sunan kaya da jimillar ciniki a tebur guda. Idan adadi ɗaya ya maimaitu a kowane layi, tacewa ba ta isa Ciniki ba. Idan layin Blank ya bayyana, akwai cinikin da lambarsa ba ta cikin Kaya, galibi "007" ne aka mai da 7 ko fili ya maƙale a gaban lamba. Sannan ka ɗauki wata guda, ka gwada jimillarsa da ta littafin akanta kafin ka tura wa kowa.