Tambayoyin Masu Karatu: Tururin Wiwi da Ƙaiƙayin Maƙogwaro

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matashi ne mai shekara 26, ina zaune a Jidda. Na daɗe ina shan tabar wiwi a naɗe, sai wani aboki ya ce in koma na'urar lantarki mai fitar da tururi, wai ita ba ta lahani. Yau wata huɗu ke nan, maƙogwarona yana ƙaiƙayi, ina tari da daddare, wani lokaci kuma ƙirjina yana ɗaurewa. Ta yaya zan rage wannan? Don Allah a sakaya sunana.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na sakaya sunanka, kuma na ji daɗi da ka faɗi gaskiya, domin da yawa suna zuwa asibiti da irin tarin nan su ɗora wa ƙura ko na'urar sanyaya ɗaki laifi, a yi ta ba su maganin mura alhali tushen ciwon yana cikin aljihunsu.

Maganar abokinka rabinta ce gaskiya. Idan ganye ya kama da wuta, hayaƙinsa yana ɗauke da kwalta da iskar gas mai guba, na'urar da ke ɗumama shi ba tare da ƙonawa ba kuwa tana rage waɗannan. Amma raguwa daban, rashin lahani daban. Tururin yana shiga da zafi, yana busar da laimar da ke lulluɓe da maƙogwaro da hanyoyin iska, sinadaran wiwin kansu kuma suna harzuƙa jijiyoyin da ke tayar da tari. Idan ruwa ake zuba wa na'urar, galibi akwai gilisarin (wani ruwa mai kauri da ke ba da tururin) da dangoginsa a ciki, waɗanda ke zuƙe danshin baki da maƙogwaro, kuma idan zafi ya yi yawa suna rikiɗewa zuwa sinadarai masu harzuƙa maƙogwaro da huhu. Ka haɗa wannan da sanyin na'urar ɗaki da ke aiki dare da rana a Jidda, da turaren wutan da gidajenmu ba sa rabuwa da shi, sai ka ga maƙogwaron ba ya samun hutu ko na sa'a ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ka faɗi irin abin da kake sakawa a na'urar ba. Idan man wiwi ne da ake sayarwa a ɓoye cikin 'yan ƙananan kwalabe, to ina roƙonka ka ajiye shi yau. A shekarar 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu shaƙar irin wannan tururi, kuma zuwa watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙidaya mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti ko suka rasu, 68 daga cikinsu sun mutu, akasarin waɗanda suka kamu kuma matasa ne. Bincike ya gano cewa masu haɗa man suna sirka shi da wani nau'in man bitamin E domin ya yi kauri ya ƙara auki. Man nan ba ya cutarwa idan an shafa shi a fata, amma idan ya shiga huhu yana lalata 'yan jakunkunan da ke musayar iska. Kayan da ake miƙawa hannu da hannu a lungu ba su da takardar da ke bayyana abin da ke cikinsu, wasu ma babu wiwi a ciki sam, sai sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji, waɗanda ke iya jawo farfaɗiya da bugun zuciya.

Game da sauƙaƙa ƙaiƙayin, akwai abubuwan da ke taimakawa: yawan shan ruwa, kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, cokali ɗaya na zuma kafin barci, da nisantar shisha da sigari da hayaƙin turare. Zafi mai yawa, zuƙa mai tsawo da riƙe numfashi a ƙirji duk suna ƙara ciwon, haka nan na'urar da ta yi datti ko wadda ake karɓa-karɓa da ita tsakanin abokai, domin ta nan mura da sauran cututtukan numfashi ke yawo. Sai dai zan ci amanarka idan na bar ka da zaton waɗannan magani ne. Sassauci ne kawai, kuma tarin da ya kai wata huɗu ba ya barin mutum matuƙar abin da ke tayar da shi yana ci gaba da shiga.

Tarin da ya wuce mako uku yana buƙatar a saurari ƙirji a ɗauki hotonsa, don a tabbatar ba asma ba ce ko tarin fuka. Idan kuwa numfashi ya fara yi maka wuya, ko ka ga jini a kaki, ko zazzaɓi ya haɗu da amai da ciwon ƙirji, kada ka jira gari ya waye, ka nufi sashen gaggawa, ka kuma faɗa wa likita ainihin abin da ka shaƙa.

Na san abin da ke hana irinku zuwa asibiti tsoron hukuma ne, kuma tsoron yana da dalili, domin a Saudiyya mallakar wiwi ko don shan kai laifi ne da ke kai mutum kurkuku, baƙo kuma ana iya mayar da shi ƙasarsa bayan ya gama wa'adi, safararsa kuwa tana iya kaiwa ga hukuncin kisa. Amma dokar ta bar ƙofa a buɗe, domin wanda ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, ba a gurfanar da shi a kan shan da ya yi, muddin ya miƙa abin da ya rage a hannunsa. Asibitin Irada da ke Jidda, wanda a da ake kira Al-Amal, aikinsa ke nan, kuma kana iya fara neman shawara ta lambar Ma'aikatar Lafiya, 937.

Idan ka daina, ka sa ran rashin barci, saurin fushi da rashin son abinci a makon farko, waɗanda galibi suke lafawa cikin mako biyu zuwa uku. Tarin ma yana iya ƙaruwa na ɗan lokaci yayin da huhu ke fitar da abin da ya taru a cikinsa, saboda haka kada hakan ya sa ka zaci dainawar ce ta cutar da kai. Ka sake rubuto mini bayan an ɗauki hoton ƙirjin. Allah ya ba ka lafiya.