Tambaya da Amsa: Da Gaske Motar Perseverance Ta Gano Halitta a Duniyar Mars?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimistiri ce a makarantar sakandare. Ɗalibaina ne suka zo min da wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, mai maganar har da rantse-rantse, wai motar binciken nan ta NASA mai suna Perseverance ta gano halitta a cikin wani dutse a duniyar Mars amma an ɓoye, kuma wai ana shirin kawo dutsen nan duniyarmu, zai iya haddasa annobar da ta fi korona. Na dai san an ce an samu sinadaran kabon a can. To tunda an same su, ashe ba an samu rai ke nan ba? Gaskiya hankalina bai kwanta ba, kuma na rasa abin da zan faɗa wa yaran.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki. Ba a gano halitta ba, ba a ɓoye komai ba, kuma babu ko tsakuwa ɗaya da wani kumbo ya ɗauko daga Mars yake kan hanyar zuwa nan. Mu da muke wannan fanni, abin da ke hana mu barci ma shi ne kada samfuran su ƙare a can ba wanda ya je ɗauko su.

Dutsen da ake ta surutu a kansa sunansa Cheyava Falls. Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021, ta ci karo da shi a watan Yulin 2024 a Neretva Vallis, tsohuwar hanyar kogin da ke zuba ruwa cikin tafkin Jezero fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce. Dutsen laka ne ja, tsawonsa kamar mita 1, faɗinsa ya ɗan haura rabin mita, da fararen jijiyoyi na kalsiyam salfet sun ratsa shi. Abin da ya ja hankali shi ne wasu 'yan ɗige-ɗige da ba su wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, tsakiyarsu da haske, gefensu baƙi, irin na jikin damisa. Na'urar PIXL da ke hannun motar ta nuna akwai ƙarfe da fosfet a baƙin gefen, da ƙarfe da farar wuta a tsakiya, abin da ya yi daidai da ma'adinan vivianite da greigite. Na'urar SHERLOC kuma ta ga alamar kabon irin na sinadaran da jikin halitta ke ginuwa da su. An wallafa sakamakon a mujallar Nature a watan Satumban 2025, Joel Hurowitz na jami'ar Stony Brook ne ya jagoranci marubutan.

Ke malamar kimistiri ce, kin riga kin gane inda aka dosa. Jan launin dutsen tsatsa ce, wato ƙarfen da ya ba da elektaron uku. A cikin ɗige-ɗigen, wani abu ya mayar masa da elektaron ɗaya. A nan duniyarmu, idan aka ga haka a cikin laka mai sanyi a gindin tafki, galibi ƙwayoyin bakteriya ne suka ci kabon suka zubar da elektaron ɗin a kan ƙarfe da salfet. Ana iya samun haka ba tare da rai ba, amma hanyoyin da aka fi sani suna buƙatar zafi mai tsanani ko asid mai ƙarfi, kuma dutsen bai nuna alamar ya taɓa shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Shi ya sa masu binciken suka ce alama ce da za ta iya yiwuwa ta rai ce. Iyakar abin da suka faɗa ke nan, kuma ni ma a ganina wannan ne dutse mafi ɗaukar hankali da wata mota ta taɓa dubawa a Mars.

Yanzu bari in zauna a kan tambayarki ta tsakiya, domin ita ce kuskuren da nake fama da shi kusan kullum, har daga bakin masu digiri: an samu kabon, saboda haka an samu rai. Malama, kama da wane ba ta wane. Tun 1828 Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da ƙodar kowa ba. A 1953 Stanley Miller ya wallafa yadda ya zuba ruwa da iskar gas cikin kwalba, ya bi su da tartsatsin lantarki, amino asid, wato tubalan ginin furotin, suka fito. Dutsen Murchison da ya faɗo daga sama a Ostireliya a 1969 an samu amino asid iri-iri da yawa a cikinsa. Ƙurar da kumbon OSIRIS-REx ya kawo a 2023 daga Bennu, wani curin dutse da ke yawo a sararin samaniya, tana ɗauke da 14 daga cikin amino asid 20 da jikinki da nawa ke gina furotin da su. Bennu bai fi rabin kilomita ba, ba iska, ba tafki, ba wani mai hankali da ya ce akwai halitta a kansa. Irin waɗannan duwatsu da ƙura sun shafe biliyoyin shekaru suna zuba a kan Mars. Da a ce ba a samu kabon a can ba, wannan ne zai zama abin mamaki.

Kuma ba yau aka fara samu ba. Motar Curiosity, da ke kwarin Gale tun Agustan 2012, tana da murhu a cikinta da take gasa garin dutse tana shinshina abin da ya tashi. A 2025 aka sanar cewa a samfurin Cumberland da ta haƙa tun 2013 an samu sarƙoƙin kabon masu ƙwaya 10, 11 da 12. Za su iya zama gutsattsarin asid ɗin kitse irin na fatar ƙwayar halitta. Za su iya kuma fitowa daga haɗuwar ruwan zafi da dutse. Na'urar ba ta iya raba gardamar.

Me ya sa nake nanatawa haka? Saboda an sha ƙonewa. A 1976 ɗaya daga cikin gwaje-gwajen kumbunan Viking ya ba da sakamako kamar wani abu na cin abincin da aka zuba wa ƙasar Mars. Gilbert Levin, wanda ya tsara gwajin, har ya rasu yana kan cewa rai ya gano, amma mafi yawan masana sun danganta abin da sinadarai masu ƙona kabon da ke cikin ƙasar, musamman bayan kumbon Phoenix ya gano gishirin faklorat a 2008. A Agustan 1996 kuwa har shugaba Bill Clinton ya fito gaban 'yan jarida a kan ALH84001, wani dutsen Mars da ya faɗo duniyarmu, wanda aka tsinta a Antaktika a 1984, don an ga wasu siffofi kamar tsutsotsi a cikinsa. An yi shekaru ana tafka muhawara, ɗaya bayan ɗaya aka nuna kowace hujja za ta iya samuwa ba tare da rai ba. A 2022 ayarin Andrew Steele ya nuna kabon ɗin cikinsa daga cuɗanyar ruwa da dutse ya samu.

Ɓarnar wannan kuskure ta wuce ta faɗuwa jarrabawa. Mai neman mabiya a Facebook ko TikTok zai ɗauki "mai yiwuwa" ya mayar da ita "tabbas". Bayan wata shida masana su fito da gyara, sai wanda ya ji labarin farko ya ce ai dama maƙaryata ne, ko kuma an toshe musu baki. Yaron da ya taso da wannan, gobe ba zai yarda da likita ba, ba zai yarda da masanin yanayi ba, ke ma ba zai yarda da ke ba. Masu wannan sana'a ba su taɓa buɗe takardar binciken ba, amma sun iya sa kiɗan tsoro da jan da'ira a kan hoto. Su ne suka ce an ga ƙofar gida a hoton Curiosity na Mayun 2022, alhali tsaga ce a jikin dutse da tsayinta bai wuce santimita 30 ba. Magabatansu a sana'ar su ne suka yi ta cin kasuwar "fuskar mutum" ta yankin Cydonia na Mars daga 1976, har kumbon Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin a 1998 da 2001 aka ga tsauni ne da inuwa. Abin kunya ne babba da gemunsa ya zauna yana tsorata yaran mutane don a danna masa alamar so.

Batun ɓoyewa ba ya buƙatar dogon bayani. Hotunan motocin nan ana zuba su a shafin NASA yadda suka iso, kowa na iya dubawa, kuma masu aikin na'urorin sun fito daga ƙasashe da dama, har da Faransa, Sifaniya da Norway. Hukumar da ke roƙon kuɗi a majalisa kowace shekara, a ce ta gano halitta a wata duniya ta yi shiru?

Sai annoba. Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe da tanadar mata. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta wajabta wa ƙasashe kauce wa gurɓata duniyarmu da abin da aka kwaso daga waje, har 'yan sama-jannatin Apollo 11 da suka dawo daga duniyar wata sai da aka killace su kwana 21 a 1969. Duk samfurin Mars za a rufe shi ne rufi a kan rufi, a buɗe shi a ɗaki mai tsaro irin na ƙwayoyin cuta mafiya haɗari. Ki ƙara da cewa duwatsun Mars suna faɗo mana da kansu ba tare da neman izini ba, kamar na Nakhla a Masar a 1911 da na Tissint a Maroko a 2011, kuma ba a taɓa danganta wata cuta da su ba. Abin da ake fatan gani a Cheyava Falls sawun abin da ya mutu ne tun biliyoyin shekaru. Ƙwayar cuta kuwa sai ta daɗe tana zama da mai ɗauke da ita kafin ta koyi yadda za ta kama shi.

Abin takaicin yana ofis ne. Perseverance ta tafi da bututu 43 na taitaniyam, ta ajiye 10 a ƙasa a wurin da ake kira Three Forks tsakanin Disamban 2022 da Janairun 2023 don ko ta kwana, sauran tana yawo da su, har da samfurin da ta cire daga dutsen Cheyava Falls, wanda aka sa wa suna Sapphire Canyon. Kwamitin da ya duba shirin ɗauko su a 2023 ya ce kuɗin zai iya kai dala biliyan 11, daga nan aka shiga kafa kwamiti a kan kwamiti, har a 2025 fadar White House ta gabatar da kasafin da ke neman a soke shirin. An kashe biliyoyi an tara samfura, an tsaya ana gardamar kuɗin motar dawowa. China kuwa tana shirin harba kumbon Tianwen-3 wajajen 2028 don kwaso nata.

Ga abin da za ki yi da yaran. Ki rubuta musu sakamakon nan uku a allo: vivianite, greigite, kabon. Ki ce kowane rukuni ya kawo hanyar da za a samu kowannensu ba tare da rai ba, sannan su faɗi gwajin da zai raba gardama. Waɗanda suka yi karatu za su kai ga awon kabon 12 da kabon 13, tunda halitta ta fi ɗaukar mara nauyin, da kuma, tunda amino asid na zuwa da siffa biyu kamar hannun hagu da na dama, duba ko duk na hannun hagu ne kamar na jikinmu ko an raba su daidai da na dama. Na'urorin Perseverance ba sa iya ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan biyu, sai an kawo bututun ɗakin gwaje-gwaje a nan ƙasa.