An janye sabon tsarin koyarwar, amma yaran ajina ba sa iya karatu. Za su kamo da kansu?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar aji biyar ce a makarantar firamare ta gwamnati. Yaran da aka ba ni bana su ne aka gwada wani sabon tsarin koyar da karatu a kansu, daga aji ɗaya zuwa aji uku. An hana malamansu koya musu haɗa baƙi da wasali, aka ce a ba su littattafai masu hotuna su riƙa gano kalma daga hoto da ma'anar jimla. Daga baya aka janye tsarin, ba bayani ba komai. Yanzu fiye da rabin ajin ba sa iya karanta sakin layi ɗaya ba tare da sun riƙa ƙirƙirar kalmomi ba. Hedimasta ya ce in bi manhaja kawai, wai za su kamo da kansu in sun ƙara wayo. Wallahi abin yana hana ni barci. Illar za ta wuce, ko ta zauna kenan? Me ya kamata in yi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da ba ki kawar da kai ba. Mafi yawan yaran nan ba za su kamo da kansu ba. Abin yana gyaruwa, amma sai an zauna an gyara shi da gangan, kuma kowane zango da ya wuce aikin ƙara nauyi yake yi.

Zan daɗe a kan maganar hedimastanku, domin kusan kullum sai na ji ta, daga bakin iyaye, da malamai, har da jami'an ilimi waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa sani. "Ƙyale shi, yaro ne, zai kamo." A ƙarƙashin wannan magana akwai wani zato, cewa karatu kamar magana yake: yaro ya tashi cikin masu magana ya iya magana ba wanda ya zaunar da shi, to in ya tashi cikin littattafai ma zai iya karatu. Zaton kuskure ne. Babu al'ummar da ba ta magana, amma rubutu ƙirƙirarsa aka yi, shekara kusan 5,000 da suka wuce, kuma har gobe akwai manya masu fasahar harshe da suka rayu a tsakiyar allunan talla da takardu ba su taɓa iya karanta ko kalma ɗaya ba. Da shekaru ne ke koyar da karatu, da babu su. Dole wani ya nuna wa yaro cewa wannan alamar tana wakiltar wannan sautin, ya sa shi ya haɗa, ya maimaita, har abin ya zame masa jiki.

An ma bi sawun yara an gani. A 1988 wata mai bincike a Amurka, Connie Juel, ta fitar da sakamakon bin wasu yara daga aji ɗaya zuwa aji huɗu. Yaron da ya gama aji ɗaya yana da rauni a karatu, yiwuwar ya kai aji huɗu da raunin nan ta kai kashi 88 cikin 100. Kafin nan, a 1986, wani mai bincike, Keith Stanovich, ya bayyana dalili: wanda ya iya karatu yana jin daɗinsa, sai ya yawaita, sai kalmominsa da saninsa su ƙaru, sai karatun ya ƙara masa sauƙi. Wanda bai iya ba yana gudun littafi, sai ratar ta riƙa buɗewa shekara bayan shekara. Jiran da hedimasta yake cewa a yi, jiran buɗewar ratar ne.

Matsalar yaranki kuma ta wuce rashin koyarwa. An koya musu wata ɗabi'a, kuma sun koye ta da kyau. Gobe ki kira ɗaya daga cikinsu, ki ba shi shafi, ki bar sauraron bakinsa ki kalli idonsa. Zai dubi harafin farko na kalma, idon ya yi tsalle zuwa hoto ko zuwa fuskarki, sannan ya faɗi abin da ya ga ya dace. An rubuta "tantabara", ga hoton abu mai fiffike, sai ya ce "tsuntsu". A aji biyu malaminsa ya ce masa madalla, ai ma'ana ta fito. To a aji biyar hotuna sun ƙare. Tambayar lissafi ta ce "raba", shi ya ga "ra" ya ce "rage", ya yi aikinsa tsaf ya faɗi, a rubuta masa cewa bai iya lissafi ba alhali lissafinsa lafiya lau. Haka zai yi ta faɗuwa a kimiyya da tarihi da komai, ana laƙaba masa daƙiƙanci a darussa biyar saboda ciwo guda. Takardar da ta janye tsarin a ofis ta tsaya, ba ta cire wannan ɗabi'ar daga idon yaro ba.

Sai kuma kunya, wadda ba ta fitowa a kowace jarrabawa. Yaro ɗan shekara 11 ya san ƙaninsa na karanta abin da shi ya kasa. Sai ya koyi ɓuya: ya riƙa motsa leɓe in ana karatun taro, ya haddace shafi daga bakin abokinsa, ya nemi izinin fita daidai lokacin da layi ya kusa zuwa kansa, ko ya tayar da rigima don a kore shi waje, tunda gara a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Da yawa daga masu barin makaranta a ƙaramar sakandare tun a nan suka yanke ƙauna.

Tsarin da kika kwatanta ba sabo ba ne, tsohon ra'ayi ne da ake sake wa riga. A 1967 wani masanin ilimi a Amurka, Kenneth Goodman, ya rubuta cewa karatu wasan canke ne, wai gwanin karatu yana ɗan leƙen haruffa ne ya cike sauran da hasashe. Binciken da ya biyo baya, har da wanda aka yi da na'urar bin motsin ido, ya nuna akasin haka: gwani yana duban mafi yawan kalmomi, sauri ne kawai yake da shi, mai rauni ne ke jingina da hasashe. Wato an ɗauki dabarar mai rauni aka koya wa kowa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta rungumi wannan ra'ayi a 1987, zuwa 1994 'yan aji huɗunta suna can ƙasan jerin jihohi a jarrabawar karatu ta ƙasa. Gaskiya akwai wasu dalilan, kamar cunkoson aji da yawan yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne, amma jihar da kanta ta juya baya ga tsarin. A Ingila kuwa, daga 1961 aka gwada wasu haruffa 44 na Sir James Pitman, yaro ya fara karatu da su sannan wajen shekara bakwai a mayar da shi rubutun yau da kullum. Gwajin ya mutu a hankali, kuma har yanzu akwai dattawan da ke ɗora masa alhakin rashin iya rubuta kalmomi daidai. Afirka ta Kudu ta fara tsarinta na manhaja mai dogaro da sakamako, wato a faɗi abin da ake so yaro ya iya a ƙarshe, a 1998, ta lafta wa malamai takardun cikewa ba tare da ta fayyace abin da za a koyar ba, aka yi ta faci har aka maye gurbinsa daga 2012. Yaran da suka shiga aji ɗaya da shi sun gama sakandare kafin a gama yarda cewa bai yi ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne shirin Reading Recovery, wanda Marie Clay ta ƙirƙiro a New Zealand don taimakon 'yan aji ɗaya masu rauni, shi ma yana sa yaro ya nemi kalma daga hoto da ma'anar jimla. A ƙarshen shirin yara kan nuna ci gaba, kowa ya yi murna. Amma wani bincike na Jami'ar Delaware ta Amurka da aka bayyana a 2022 ya bi yaran zuwa aji uku da huɗu, ya tarar makinsu ya gaza na takwarorinsu da ba su shiga shirin ba. Masu shirin sun yi jayayya da binciken, amma darasin da ke ciki a fili yake: canke yana aiki a littafin aji ɗaya, inda kalmomi kaɗan ne kuma hoto na kowane shafi, don haka rahoton ƙarshen gwaji yakan fito da kyau. Illar sai bayan shekara biyu ko uku take bayyana, lokacin masu shirin sun karɓi yabo sun kama gabansu.

Abin da ke ƙona mini rai kenan game da masu tsara ilimi. Ba wanda zai yarda a ba dubban yara sabon magani ba a gwada shi a kan kaɗan ba, ba a sanar da iyaye ba, ba a bi sawun waɗanda suka sha ba. Amma a ilimi, taron bita na kwana uku da takardar umarni sun isa a juya rayuwar aji guda. In abin ya ci tura, ba wanda ake tambaya, ba rahoton da ke cewa "mun yi kuskure", ba ko sisi da aka ware don gyara yaran da aka ɓata. A janye shiru, a kawo wani da sabon suna. Kuma ko an samu hujja ba lallai a bi ta ba. Amurka ta kashe maƙudan kuɗi daga 1968 zuwa 1977 tana kwatanta hanyoyin koyar da 'ya'yan talakawa a shirin Follow Through; hanyar koyarwa kai tsaye ta Siegfried Engelmann ta fi sauran, aka ajiye sakamakon a gefe aka ci gaba da ɗaukar nauyin har waɗanda suka gaza. 'Ya'yan masu hali ba su cika jin jiki ba, domin akwai mai koya musu haɗa baƙi a gida ko malamin darasi da yamma. Ɗan talaka ba shi da wata makaranta sai wannan. Wanda ya sa hannu a takardar nan ya sani amana ya ɗauka, kuma za a tambaye shi, ko ba a nan ba.

Kada ki fahimce ni a matsayin mai ƙin sabon abu. Da gwaji aka tabbatar da abin da zan ba ki shawara yanzu. Sharaɗi dai a gwada a kan kaɗan, a kwatanta da waɗanda ba a gwada a kansu ba, a bi yaran shekaru, sannan a faɗaɗa.

Ki fara da tantance su ɗaya bayan ɗaya, minti biyar kowane yaro. Ki rubuta kalmomin da ba su da ma'ana, irin su "zimo" da "lotu", ki ce ya karanta. Ba hoto, ba jimla, ba hadda, don haka ba wurin ɓuya. Wanda ya iya haɗa sauti zai karanta, wanda bai iya ba zai tsaya ko ya mayar da ita wata kalmar da ya sani. Ingila tana yi wa 'yan aji ɗaya irin wannan gwaji tun 2012, kalma 40, rabinsu marasa ma'ana, kuma waɗanda suka kai mizani sun tashi daga kashi 58 a shekarar farko zuwa 82 a 2019. Daga nan ki kasa su bisa matakin da suke, ba bisa shekaru ba: waɗanda ba su san sautin haruffa ba, waɗanda suka sani amma ba sa iya haɗawa, da masu karantawa da ƙyar. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta yi amfani da ita a Indiya, aka gwada ta sau da dama, ƙasashe irin su Zambiya suka ɗauka. Kamar rabin awa kullum ya fi awa uku sau ɗaya a mako.

A lokacin darasin, ki rufe hoto da takarda. In yaro ya canka, ko da ya dace, ki ce "koma ka duba, faɗi sautin kowane harafi". Wannan zai ba su haushi a makonnin farko, saurinsu ma zai ragu, har wani ya ce miki kin mayar da su baya. Ba baya suka koma ba, yanzu ne suka fara karantawa. Ki haɗa da shifta kullum, domin rubuta kalma yana tilasta wa yaro ya ji kowane sauti. Kada ki ba su littafin 'yan aji ɗaya a gaban jama'a, ki rubuta musu gajerun jimloli kan abin da ya dace da shekarunsu. Ki kuma gaya musu ƙarara cewa laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne, wani mataki ne aka tsallake musu. Bulala ba ta da aiki a nan ko kaɗan. Sauran darussa kuwa ki riƙa karanta musu da baki kuna tattaunawa, don kada iliminsu ya tsaya jiran karatunsu.

Ki yi hattara da 'yan kasuwar da za su ji ƙanshin matsalar. Mai cewa zai koyar da karatu cikin kwana bakwai, da mai cewa a raba yara zuwa masu koyo da ido da masu koyo da kunne, duk ki sallame su. Masana sun duba wannan batu na biyu a 2008 ba su sami hujjar da za a dogara da ita ba. Na'ura ma ba ta maye gurbin malami: Peru ta raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci, binciken 2012 bai ga ƙaruwa a karatu ko lissafi ba.

Hedimasta kuma kada ki je masa da gardama. Ki je da takardar sakamakon tantancewar, suna da suna, ki roƙe shi ya zauna ya ji yara uku suna karanta kalmomin nan, sannan ki nemi rabin awar a jadawali na zango guda, da alkawarin sake gwadawa a ƙarshensa. In zango ya ƙare, za ki ga 'yan kaɗan ba su motsa ba duk da zuwa kullum. Waɗannan a fara duba musu ido da kunne, in lafiya lau ne a nemi ƙwararre ya tantance su, domin wataƙila akwai lalurar wahalar karatu da tsohon tsarin ya lulluɓe, kuma su taimakon da suke buƙata ya fi wanda za ki iya bayarwa ke kaɗai a cikin aji.